Na rubuta 3600, ɗaki ya fito 3375: ina sauran suka shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a sashen zanen gine-gine a Samaru. Kawuna ya ba ni aikin zana masa gida a filinsa na Tudun Jukun, ƙafa 50 a 100, ya ce ɗakunan kwana su zama ƙafa sha biyu-sha biyu. Da manhajar zanen gini ta Revit nake aiki. Na rubuta milimita 3600 tsakanin bango da bango, amma da na auna cikin ɗakin sai na ga 3375. In na gyara wannan ɗaki kuma, sai na kusa da shi ya lalace. Don Allah yaya ake ajiye bango daidai inda ake so?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma saka wa Kawu da alheri da ya yarda ya ba 'yar gida aiki tun tana aji biyu.

Milimita 225 ɗin da kike nema ba su ɓata ba, suna nan cikin bulo. Bango ba zare ba ne, yana da jiki. Bulon da muke kira mai inci tara kaurinsa 225 ne, mai inci shida kuma 150, dukansu tsawonsu 450. Revit kuwa, yadda take zuwa a yawancin kwamfutoci, daga tsakiyar bango take ɗaukar awo zuwa tsakiyar wani bangon. Da kika rubuta 3600, sai ta ba ki 3600 daga cibiya zuwa cibiya. Rabin bangon hagu, wato 112.5, ya shigo cikin ɗaki, rabin na dama ma ya shigo, shi ke nan 225 sun tafi, saura 3375. Ba ta cuce ki ba. Kin faɗa mata nawa, ba ki faɗa mata daga ina zuwa ina ba.

Kuma asarar ba ta tsaya nan ba. In mai filasta ya zo ya shafa kamar milimita 15 a kowane gefe, ɗakin ya koma 3345. Raba wannan da 304.8, wato tsawon ƙafa ɗaya, za ki ga ko ƙafa 11 bai cika ba. Kawu ya ce sha biyu, ya shigo da tef ɗinsa bayan an gama fenti, ya tarar da ƙasa da sha ɗaya. Ranar nan ba Revit za a kira tsakar gida ba.

Tun da mun zo kan sha biyun nan, bari in tsaya a kai kaɗan. Mu masu zane mun saba mayar da ƙafa 12 zuwa 3600 don lissafi ya yi sauƙi, amma ƙafa 12 ta gaskiya 3657.6 ce. Bambancin ya haura inci biyu. Mutanenmu da ƙafa suke tunanin ɗaki, gadonsu shida a shida ne, kafet ɗinsu ma da ƙafa ake yanka musu a kasuwar Sabon Gari, mu kuma an koya mana milimita. Saboda haka ki je ki zauna da Kawu ki tambaye shi: sha biyun da yake nufi, bayan filasta ne ko kafin filasta? Kuma ya yarda a kira 3600 sha biyu, ko cikakkiya yake so? Wannan tambaya ta minti biyar ta fi duk maballin da zan koya miki a ƙasa amfani. In ya nace sai cikakkiya, ba sai kin ɗauko kalkuleta ba, ki rubuta 12' da ɗan waƙafin nan na sama a gurbin awo, Revit za ta mayar da shi milimita da kanta.

To, yanzu ga aikin hannu. In kin danna maballan W da A don fara bango, kafin ki taɓa allon zane, dubi saman allo, akwai wani ɗan akwati da ake kira lokeshan layin. Ni layin dogaro nake ce masa, domin shi ne layin da bangon ya jingina da shi. Zaɓi shida ne a ciki: tsakiyar bango gaba ɗaya, tsakiyar ƙashin bango, fuskar shafe ta waje, fuskar shafe ta ciki, fuskar ƙashi ta waje, da fuskar ƙashi ta ciki. Abin da nake kira ƙashi shi ne bulon kansa, tsurarsa, ba filasta ba tayil. Yawancin ɗalibai kan bar shi a na farko har su gama digiri, shi ya sa zanensu ke cike da 112.5 da 3412.5, lambobin da babu maginin da zai iya karantawa a tef.

Abin da nake yi, kuma nake ba ki shawara a kai: bangon waje ki zana shi da fuskar ƙashi ta waje, kina zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya, don fuskar waje ta kasance a waje. In ya juye miki, danna dogon maballin tazara, zai birkita. Bangayen ciki kuma ki auna su daga fuskar bulo zuwa fuskar bulo. Dalili ba na manhaja ba ne, na fili ne. Ranar da za a fitar da gini, magini zai kafa katakai a kewaye, ya buga ƙusa, ya ja igiya, kuma a gefen bulo igiyar nan take bi. Ba shi da filasta a ranar, ba ya kuma iya ganin tsakiyar bulo da zarar ya ɗora shi. Duk layin da magini ba zai iya ɗaura wa igiya ba, bai kamata ya zama shi ne tushen awon da kika ba shi ba.

Akwai inda tsakiya take da amfani, kada in yi mata rashin adalci. Injiniyan da zai yi lissafin pila da bim da rodi da layukan tsakiya yake aiki, don haka in gidan zai hau bene, ki fara shimfiɗa layukan girid, wato layukan da ke nuna tsakiyar kowace pila, da G da R, ki ba su suna A, B, C da 1, 2, 3, ki danne su da P da N kada su motsa. Pila mai 225 a cikin bango mai 225 tsakiyarsu ɗaya, babu rigima. Rigimar tana tasowa ne in bango mai inci shida ya haɗu da pilar: in kin daidaita su ta tsakiya, pilar za ta leƙo da 37.5 a kowane gefe, mai filasta ya yi ta cika siminti yana tsine wa mai zane. Gara ki jera fuskarsu ta gefe ɗaya, leƙen ya taru a ɗaki guda, inda za a iya ɓoye shi bayan ƙofa ko wadrob.

Wani amfanin layin dogaro kuma sai ranar da aka canza ra'ayi ake ganinsa. A ce kin zana bango da inci shida, daga baya aka ce a mayar da shi inci tara. Layin dogaro ba ya motsi, jikin bangon ne ke kumbura daga gare shi. In yana tsakiya, bangon zai ci 37.5 daga kowane ɗaki, duk awon da kika sha wahala a kai ya rushe. In yana fuska ɗaya, wannan fuskar tana nan daram, ɗaya gefen ne kawai zai matsa. Kuma canza layin dogaro na bangon da aka riga aka zana ba ya ɗaga bangon daga inda yake, saboda haka kina iya zaɓar fuskar da kike son karewa tukuna, sannan ki sauya kauri.

Sai dai duk wannan maganar ƙashi da shafe ba za ta yi aiki ba in bangon naki dunƙule ɗaya ne marar sassa. Ki kwafi nau'in bango guda, ki sa masa suna irin "bulo 225 da filasta", ki shiga inda ake shirya jikinsa, ki sa 225 a tsakiya a matsayin ƙashi, 15 a kowane gefe a matsayin shafe. Jimla 255. Ki yi wani na 150, jimla 180. Da waɗannan biyu za ki gina kusan duk gidan da za a ba ki a Zariya.

Yanzu batun lambobin nan masu launin shuɗi da ke fitowa in kin taɓa bango, awon wucin gadi ke nan. Su ne suka nuna miki 3600 na ƙarya. A jikin layukansu akwai 'yan ɗigo. In kin danna ɗigon, layin zai yi tsalle daga tsakiya zuwa fuska, ki sake dannawa ya koma ɗaya fuskar. Amma yin haka a kowane bango ɓata lokaci ne. Shiga shafin Manej, cikin ƙarin saituna, ki nemo saitin awon wucin gadi, ki ce ya riƙa ɗauka daga fuskokin ƙashi. Sau ɗaya za ki yi a fayil ɗin. Daga nan duk 3600 da kika rubuta, 3600 ce tsakanin bulo da bulo. Haka in kina sa awo na dindindin da D da I: ki ajiye kibiya a kan bango, ki riƙa danna Tab har layin da kike so ya haskaka, sannan ki danna.

Doka ɗaya da ba na sassauci a kanta ga duk yaron da ya zo koyon aiki wurina: ba a jan bango da linzami a ce ya yi daidai. Rubuta lambar ake yi. Ido yana ganin 3600, alhali abin da ke ƙasa 3599.6 ne, manhaja ta cike miki gurbin don an saita ta kada ta nuna ɗigo. Danna U da N, ki sa awo ya nuna lamba biyu bayan ɗigo na ɗan lokaci, ki duba zanenki. In kin ga .00 ko'ina, madalla. In kin ga .37 da .82, to an yi ja da hannu a wurin. Irin wannan ne ke jawo gargaɗin da Revit kan yi cewa layi ya ɗan kauce, kuma shi ne ke sa wata rana ki nemi sa awo tsakanin bango biyu ta ƙi, domin a wurinta ba su miƙe tare ba. Gurbin awon ma yana karɓar lissafi: rubuta =3600+30 za ta ba ki 3630.

Wannan 3630 ba da wasa na kawo ta ba. In Kawu yana son 3600 bayan filasta, to 3630 za ki bari tsakanin bulo. Ga mai tayil ma abin ya shafe shi: tayil mai 600 guda shida ne ke cika 3600, in ɗaki ya koma 3570 sai an yanke layi guda. A ɗakin kwana wannan ba komai ba ne. A banɗaki ne ƙaramin kuskure ke zama babba. Banɗakin da aka ba 1200 daga tsakiya zuwa tsakiya da bulo mai inci shida, cikinsa 1050 ne, filasta ta mayar da shi 1020, tayil ɗin bango ya ƙara cin nasa. Mai jiki ya shiga da bokiti, ba ya iya juyawa.

Sai ɗaya rabin tambayarki, wai in kin gyara ɗaki sai maƙwabcinsa ya lalace. Dole ne. Bangon da ke tsakaninsu na su biyu ne, abin da ɗaya ya samu ɗayan ne ya biya. Abin lura shi ne, bangon da kika zaɓa shi ne ke motsawa in kin canza lamba, ba wancan ba. Don haka kada ki riƙa gyara nan da can kamar mai facin tsohon zani. Zaɓi kusurwa ɗaya ta gidan, ki ce wannan ita ce uwa, ki danne bangayenta biyu. Ki zaɓi bango na gaba, ki ba shi nisansa daga uwa, ki wuce na gabansa, ki ba shi nisansa daga wanda kika gama, har ki kai ƙarshe, kullum fuska ɗaya kike tafiya. Bangon ƙarshe shi zai gaya miki faɗin gidan. Akwai ɗan kwaɗon da ke fitowa kusa da awo na dindindin, in kin rufe shi nisan ba zai sake canzawa ba. Ki yi amfani da shi a wuraren da ba ki yarda a taɓa ba, kamar faɗin banɗaki da na matakala. Amma kada ki kulle ko'ina. Na ga fayil ɗin da aka sa wa kwaɗo a kowane awo, in ka matsa bango ɗaya rabin gida ya biyo shi, ko manhaja ta yi ta kukan ba za ta iya ba.

Kafin ma ki kunna kwamfuta, yi lissafin a takarda. Faɗin fili mai ƙafa 50 shi ne 15240. Ɗakuna uku a jere masu 3600 sun ci 10800. Bangon waje biyu 450, na ciki biyu masu inci shida 300. Jimla 11550, saura 3690. In katangar gida mai inci tara za ta zauna cikin filin ta gefe biyu, cire 450, saura 3240, wato 1620 a kowane gefe in an raba daidai. A cikin wannan ne za a nemi hanyar wucewa, da iskar taga, da bututun ruwa, da ratar da KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, za ta nema kafin ta amince da zanen. Ki nemi ƙa'idarsu ta yanzu kafin ki kafe kusurwar uwa. Tun ran gini tun ran zane, in lissafin bai shiga a takarda ba, babu manhajar da za ta shigar da shi.

Kada kuma ki yarda da "hamsin a ɗari" da baki. Nemi takardar safiyo, ki je da tef ki duba duwatsun iyaka. Filaye da yawa sunansu kawai hamsin a ɗari, gaba ta fi baya faɗi, ko kusurwa ta karkace. In safiyo ya ba ki fayil mai lambobin taswira, ki yi hattara wajen shigo da shi: Zariya tana wajen digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, lambar arewa a irin wannan fayil ta haura mita miliyan 1, alhali Revit tana son zane ya zauna cikin kilomita 16 daga cibiyarta. In aka yi nisa da cibiyar, layuka kan fara rawa, awo ya riƙa ba da ɗigon da ba ki sa ba. Gini ya zauna kusa da cibiya, filin a jawo shi wurinsa.

In aikin gyaran tsohon gida ne a cikin Birni, can wajen Ƙofar Doka ko Kwarbai, nan kam manta da sikwaya. Ginin tubali gindinsa ya fi samansa kauri, zaure kuma ba lallai ne kusurwarsa ta cika digiri 90 ba. Sai ki tsayar da tsayi ɗaya daga ƙasa da za ki riƙa awo a kai, ki auna kowane bango, ki kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. A kwamfuta ki ja bango na farko, ki zana da'ira biyu daga bakinsa biyu da tsawon da kika samo, inda suka gicciye nan ce kusurwa ta uku. Magadan Babban Gwani, shahararren maginin nan na Zazzau, ba su yi kuskure ba, ginin ƙasa haka yake tsayuwa.

Tun da a makaranta za ki haɗu da sauran manhajoji, tunanin ɗaya ne, hannu ne ya bambanta. A AutoCAD ki kunna F8 don layi ya miƙe, F3 don ya kama bakin layi, sannan ki yi ta ofset, wato kwafar layi zuwa nisan da kika rubuta, da harafin O: 225, sai 3600, sai 150, sai 3600, kina tafiya kamar mai jera bulo. Nan ma ai ba ki da matsalar tsakiya, don kowace fuska layinta daban. ArchiCAD tana da nata layin dogaron da ake sa wa a waje, a tsakiya ko a ciki. A SketchUp kuma tef ɗin da ke harafin T shi ke ajiye layin jagora a nisan da kika rubuta.

AutoCAD ɗin nan tana da wata ƙofa da na taɓa faɗawa, ina sabon fara aiki. Wani gida ne a gefen Hanwa, mai shi ya ce a ƙara falo daga 4200 zuwa 4500. Dare ya yi, na gaji, sai na danna lambar awon na goge na rubuta 4500 da hannu, ban matsa bangon ba, da niyyar gobe zan gyara. Goben ba ta zo ba, aka buga takarda aka kai fili. Wani dattijon birkila ne ya tara lambobin ciki a bayan takardar siminti, ya ga sun fi jimlar waje da 300, ya aiko a kira ni kafin a zuba kankaren fandisho. Gefe ɗaya na rami kawai aka sake haƙawa, amma kunyar da na ji a gaban leburori har yau ban manta ba. Revit ta toshe wannan ƙofa, ba ta yarda a maye awo da wata lamba tsura, kuma duk dabarar da abokai za su nuna miki ta zagaye wannan, kada ki koya.

Daga wurin dattijon nan na ɗauki al'adar da nake bi har yanzu: kowane gefe na zane layin awo uku nake sa masa. Na kusa da gini yana nuna ƙofofi da tagogi, na tsakiya yana nuna kaurin bango da cikin ɗaki, 225, 3600, 150, 3600, na waje kuma jimla. Sai in tara na tsakiya da kaina in ga ya yi daidai da na waje. Ga wanda zai fitar da gini kuma ina ƙara masa awo mai tarawa daga kusurwar uwa: 0, 225, 3825, 3975, 7575, haka har ƙarshe. Ya maƙala bakin tef a ƙusa ɗaya ya ja sau ɗaya, yana sa alama. In ɗaki-ɗaki yake aunawa yana ɗaga tef, kuskuren milimita biyar-biyar zai taru ya zama abin gani a bangon ƙarshe. Ki rubuta a ƙasan takarda, da Hausa ma in ya samu, cewa duk awo daga bulo zuwa bulo ne kafin filasta, kuma kada a auna takarda da rula. A sikelin 1:100 milimita ɗaya a takarda 100 ce a ƙasa, kuma in mai shagon buga takardu ya matse A3 ta koma A4, zanen ya ragu zuwa kusan kashi 71 cikin 100, sikelin ya tashi aiki.

Ranar da za a ja igiya a Tudun Jukun, ki roƙi Kawu ya tafi da ke. Ki riƙe tef na ƙarfe, na leda yana miƙewa in an ja shi da ƙarfi. Ki ɗauki bulo uku ko huɗu daga cikin waɗanda aka sauke ki auna kaurinsu, domin ba kowane gidan bulo ne injinsa ke fitar da 225 cif ba, in kuwa akwai bambanci gara a san ta gefen da za a bar shi tun ba a fara ɗori ba. Maginin zai duba kusurwa da uku-huɗu-biyar, mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya ba da 5. Ki bar shi ya gama nasa, ki gaishe shi da aiki, sannan ki ce Baba a taimaka a ja miki tef daga kusurwa zuwa kusurwa. Ɗaki mai 3600 a 3600 zai ba da 5091 ta kowace gicciye, mai 3600 a 4200 kuma 5532. Ki fitar da na kowane ɗaki daga kwamfuta tun da dare, ki rubuta su a gefen takardarki.